Mawaƙin Ajantina da Mahaifiyarsa

Jama'a, ni akawu ne, aikina rubuta takardu da lissafin kuɗi, ban kuwa taɓa zama ma'abocin kiɗa ba. Amma akwai labarin wani mawaƙi na wata ƙasa mai nisa wanda ya tsaya mini a rai tun ran da ɗan wana ya ba ni shi, har na ga ya kamata in rubuta muku.

Sunan mawaƙin Gustavo Cerati. An haife shi ran 11 ga Agusta, 1959, a Buenos Aires, babban birnin ƙasar Ajantina, can Amurka ta Kudu, inda ake jin Sifaniyanci. Irin kiɗansa shi ake kira rok, watau kiɗan samari da ake yi da ganguna da jita, wata irin garaya mai aiki da lantarki. Asalin kiɗan daga Amurka da Ingila ya fito, shi kuwa da harshen garinsu ya yi waƙoƙinsa.

Cikin 1982 ya haɗa kai da abokansa biyu, Zeta Bosio da Charly Alberti, suka kafa ƙungiya mai suna Soda Stereo. Faifansu na fari ya fito cikin 1984. Kafin a jima sunansu ya ƙetare iyaka, ya kai har Meziko. Duk filin da suka sauka sai ka ga samari da 'yan mata dubbai, ba masaka tsinke. Suka yi shekara 15 tare, sa'an nan cikin 1997 suka yi wasan ban kwana a filin ƙwallo na River Plate, kowa ya kama gabansa. Cerati bai ajiye jita ba, ya ci gaba shi kaɗai. Cikin 1999 ya fitar da faifan Bocanada, cikin 2009 kuma Fuerza Natural, wanda ya zama na ƙarshe.

Cikin waƙoƙinsa akwai wata ƙarama mai suna Té para tres, watau shayi na mutum uku. Ta fito cikin 1990. Ya yi ta ne a kan ranar da ya zauna shan shayi tare da iyayensa, bayan an gane mahaifinsa na da cuta mai tsanani. Mahaifin ya rasu cikin 1992. Ku riƙe wannan, domin jinya ta sake shigowa gidan.

Cikin watan Mayu, 1910 ba ne, 2010, ya yi wasa a Caracas, babban birnin Venezuela. Yana gamawa sai ciwo ya kama shi, jini ya toshe a ƙwaƙwalwarsa. Daga nan ya faɗa dogon suma. Aka ɗauko shi cikin jirgin sama aka komo da shi Buenos Aires. Mutumin da muryarsa ke cika fili, ga shi kwance, ba magana, ba gaisuwa. Haka ya zauna shekara 4 da 'yan watanni.

To, a nan ne labarin ya taɓa ni. Mahaifiyarsa, Lilian Clark, tsohuwa ce a lokacin, amma ba ta gaji da zuwa asibiti ba. Ta kan zauna kusa da shi, ta riƙe hannunsa, ta yi masa magana. In masu jarida suka tare ta, sai ta nuna musu ba ta ɗebe tsammani ba. Ran 4 ga Satumba, 2014, ya cika, yana da shekara 55. Gwamnatin ƙasar ta sa aka yi makoki na kwana 2, jama'a kuma suka yi dogon layi don ban kwana da shi.

Ban raina ƙaunar jama'a ba, sun kuwa nuna ta. Amma taron jana'iza na kwana ɗaya ne, zaman jinya kuwa na kowace safiya ne. Na san wannan domin na gani a gidanmu. Ƙanena ya taɓa kwanciya da shanyewar jiki wata 11. Makon fari zaurenmu cike yake da masu gaisuwa. Da aka kwana biyu ƙafa ta ɗauke. Ni kaina, da muke ciki ɗaya da shi, sai ran Lahadi na kan leƙa, in ajiye 'yan kuɗi, in ce aikin ofis ya yi mini yawa. Inna ce ke juya shi, ta ba shi kunu da cokali, ta wanke masa tufafi, har ran da ya rasu. Ban taɓa tambayarta ko ta gaji ba.

Da ɗan wana ya gama ba ni labarin Cerati, sai na ce ya sa mini waƙar shayin nan. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma na kasa haɗa ido da yaron. Hausawa sun ce ranar wuya sai naka, ni kuwa a ranar wuya na aika kuɗi na zauna ofis.

Inna ta tsufa yanzu, idonta ya yi rauni. Tun daga ranar nan, in na tashi daga aiki, gidanta na kan fara biyawa kafin in isa nawa. Na kan dafa mana shayi, mu zauna mu biyu, ta yi ta ba ni labarin ƙanena.