Sifikar Da Na Saya Wa Baba

Mai karatu, kafin ka yi mini dariya, tsaya ka ji yadda na zubar da kuɗin buhunan masara a kan ƙarar da ba ta amfani kowa ba.

Mahaifina dattijo ne mazaunin Mairuwa, garin nan na ƙaramar hukumar Faskari da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Abu biyu kunnensa ke so: tafsiri da kalangun Shata. A da a ƙofar gida yake zama da abokansa bayan isha'i, rediyo a gefen tabarma. To tun da rashin tsaro ya addabi yankinmu, musamman bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, sai hirar dare ta koma falo. Falon kuwa ƙato ne, ƙasa tayil, bango siminti. Ga jin Baba ya fara raguwa. Sai ka gan shi ya manna 'yar rediyo a kunne, abokan sun yi jugum kamar masu zaman makoki.

Abin ya dame ni, na niƙi gari sai Kano. A wani shago aka nuna mini wasu sifiku masu tsawon yaro ɗan shekara goma, an rubuta wat 5,000 a jikin kwalin. Ko ciniki kirki ban yi ba, na biya.

Da na jona su a kusurwoyin falo na sa Shata, tagogi suka ɗauki rawa. Baba ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kai, kashe. Kiɗa nake ji, amma ina maganar? Kuma so kake duk wanda ke daji ya san akwai kayan kuɗi a gidan nan?" Wallahi jikina ya yi sanyi.

Wani tsohon mai gyaran rediyo a Funtuwa ne ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, kwali ka saya." Ya ce lambar da ake rubuta PMPO a gefenta ta talla ce, ta RMS ita ce ƙarfin gaskiya, kuma sau da yawa ba ta kai ko kusa ba. Ya ce in duba om, ko 4 ne ko 8, ya dace da na amfilifaya, domin ƙaramar amfilifaya idan aka ƙure ta tana iya ƙona ƙananan sifikun da ke fitar da siririyar murya. Sannan ya ce siminti da tayil mayar da sauti suke yi, kusurwa kuma ƙara gurnani take yi, alhali tsoho siririn sauti yake fara rasawa, wanda da shi ake bambance kalma da kalma. Ashe ni abin da Baba ke da shi na ƙara masa, na binne wanda ya rasa.

Na sayar da ƙattin da hasara ga masu kiɗan biki. Na sayi matsakaita guda biyu, na ɗora su daidai kunnen mai zaune, nesa da kusurwa, suna fuskantar kujerar Baba, ita ma na matso da ita kusa. Na shimfiɗa darduma, Inna ta rataya labule masu kauri.

Daren da na sake kunnawa, ko rabin ƙarar ban kai ba. Shata ya rasu tun 1999, amma sai ka ce yana zaune cikinmu. Baba ya gyara zama yana amshi a hankali, wani abokinsa na tuna masa ranar da suka ga Shatan ido da ido a Funtuwa. Daga waje kuwa ko maƙwabci bai ji ba.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya dawo mana da zaman ƙofar gida. Amin.