Allon da Ke Bayan Ajinmu

Mu talatin da ɗoriya ne a ajin koyon rubutu a shekararmu ta farko a kwalejin ilimi, kuma duk da ɗabi'a ɗaya muka zo daga sakandare: a rubuta insha'i a daren ƙarshe, a miƙa wa malami, a jira maki. Abin da ke cikin takardar bai dami kowa ba, har shi mai rubutun.

Sai malaminmu ya sa aka kafa allon katako a bayan aji. Ya ce duk Litinin kowa zai liƙa shafi ɗaya da sunansa a ƙasa, a kan duk abin da ya ga dama. Kafin Alhamis kuma dole kowa ya karanta na mutum biyu, ya bar musu amsa a 'yar takarda. Shi sai Juma'a zai duba. Da muka yi ƙorafi cewa ba mu kai ba, sai ya tuna mana cewa Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933.

Makon farko dai abin kunya ne. Kusan rabinmu "Muhimmancin Ilimi" muka rubuta, kowa ya buɗe da cewa ilimi gishirin zaman duniya ne. Amsoshin kuma duk "ya yi kyau". A gaskiya ko layi uku ba mu karanta wa juna ba.

A mako na uku wani yaro da ba ya magana a aji ya liƙa shafi a kan yadda kakarsa take yin daddawa. Ya faɗi yadda ake kwana ana dafa kalwa, a surfe ta a turmi, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta kwana biyu zuwa uku har warin ya kori jikoki daga tsakar gida. Ran nan sai da aka yi layi a gaban allo. Wata ta ce a garinsu ba haka ake rufe ta ba, gardama ta kaure har lokacin tashi. Tun daga nan muka fara rubuta abin da idonmu ya gani: kasuwar ƙauye, layin rijiyar burtsatse, ranar da akuya ta cinye wa wani takardar jarrabawa.

Ƙa'idar rubutu ma a allon nan ta shige mu. Wani ya rubuta cewa ranar Sallah "baki sun cika mana gida", aka zana masa bakuna biyar a gefen takarda. Bai sake mantawa da lanƙwasar ƙ ba. Haka muka rarrabe fada da faɗa, da gashi da ga shi. Jan biron malamai ya shekara shida yana nuna mana waɗannan, ba mu ji ba sai da abokai suka yi dariya.

Amma dariyar nan ta so ta yi ɓarna. Wata ɗaliba ta rubuta labarin rasuwar mahaifinta, yadda ta ci gaba da ajiye masa kwanon abinci har kwana uku bisa mantuwa. Amsar da ta samu layi ɗaya ce: "Kurakurai goma sha ɗaya." Wasunmu sun gani sun yi murmushi, sauran mun gani mun yi shiru. Mako uku gurbinta a allo babu komai, ta kuma koma zama a kujerar ƙarshe.

Malam bai yi faɗa ba. Cire 'yar takardar ya yi, ya karanta mana labarin da ƙarfi, ya tambaye mu ko akwai wanda ya ji kuskure. Babu wanda ya ɗaga kai. A ranar muka yi wa kanmu doka: kafin ka gyara wa mutum komai, sai ka fara kwafo jimlar da ta tsaya maka a rai, ka yi masa tambaya ɗaya, sannan gyara ya biyo baya.

Mu shida muka rubuta mata amsa a kan tsohon shafin, duk da an makara. Ba ta ce mana komai ba. Litinin ta gaba sai muka tarar da shafi biyu a gurbinta, a kan keken ɗinkin da mahaifin ya bari, da yadda ta koyi zura zare a cikinsa ita kaɗai. Akwai kurakurai huɗu a ciki, kuma ita ce ta riga mu gano uku.