Garin da Ya Bi Sawun Kuɗinsa

Wanda ya saba ganin Ingila a talabijin zai yi zaton kowane gari Landan ne. Preston, da ke yankin Lancashire a arewa maso yammacin ƙasar, ba haka take ba. Garin masaƙa ne a da, a nan ma aka haifi Richard Arkwright, mutumin nan na injin kaɗa auduga. Masaƙun sun mutu tuntuni, sai jajayen gine-ginensu na bulo da na riƙa gani ina yawo a ƙafa cikin yayyafin da ba ya ƙarewa. A 2011 kuma wani babban shiri mai suna Tithebarn, na gina rukunin kantuna a kan fam miliyan 700, ya rushe bayan shekaru ana jiransa. Masu jari daga waje suka kama gabansu, ga gwamnatin tsakiya tana ta zaftare kason ƙananan hukumomi.

Abin da ya ba ni mamaki a garin nan, lissafi ne. A 2013 majalisar birnin ta haɗa kai da wata cibiyar nazari ta Manchester mai suna CLES, suka zaɓi manyan hukumomi shida waɗanda ba za su taɓa yin ƙaura daga garin ba: majalisar birni, majalisar Lancashire, 'yan sanda, kwalejoji biyu, da wata ƙungiyar samar da gidaje. Aka ɗauko takardun sayayyarsu, aka duba adireshin 'yan kwangilar da ake biya, a ga inda kuɗin ke sauka. Cikin kusan fam miliyan 750 da suke kashewa a shekara, kashi 5 cikin ɗari kacal ke tsayawa a Preston, kashi 39 a duk faɗin Lancashire. Ashe ruwa na shiga randar, gindinta ne ke yoyo.

Daga nan sai aikin haƙuri, irin wanda ba ya jan hankalin 'yan jarida. Kwangilar da ta fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa aka rarraba ta gida-gida. Ta abincin makarantu, alal misali, aka kasa ta yadda manoma da masu kiwon yankin za su iya shiga takara. Aka riƙa kiran masu ƙananan kamfanoni ana nuna musu yadda ake neman kwangila, domin da yawansu tsoron takardun ne ke hana su. Zuwa 2017 kason Preston ya kai wajen kashi 18, wato daga fam miliyan 38 zuwa 112, na Lancashire kuma ya kusa kashi 80.

Na ga wani ɓangare na amfanin da idona a kasuwar garin. Ƙarƙashin tsohuwar rumfar ƙarfe ta zamanin Sarauniya Victoria an gina sabon zaure na gilashi da katako, wanda aka buɗe a 2018, kuma wani kamfanin gine-gine na yankin, Conlon, ne ya yi aikin. Mahauta da masu kifi da masu cuku suna ciki suna ciniki, ƙamshin gahawa ya cika wurin.

Ba kowa ne ya yaba ba. Wasu sun ce wannan rufe ƙofa ce, idan kowane gari ya ce sai nasa, wa zai sayi kayan maƙwabcinsa? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma a ganina ba ta taɓa ainihin abin da aka yi ba, don takara ba a soke ta ba, ƙananan ne aka buɗe wa hanyar shiga. Lissafin ya kuma tona inda garin ba shi da mai iya kawo kayan da ake buƙata sam. A irin wannan giɓi ne Matthew Brown, kansilan da ya ja ragamar shirin, da abokan aikinsa suka koma ga kafa kamfanonin haɗin gwiwa mallakar ma'aikata, suna koyi da Mondragon ta ƙasar Sifen da birnin Cleveland na Amurka. Wannan ɓangaren ya fi tafiyar hawainiya, domin sauya ɗan kwangila ya fi sauƙi nesa a kan tayar da sabon kamfani daga tushe.