Daga Sabon Birni Zuwa Isa: Ƙasar Da Ta San Darajar Sauraro

Wanda ya taso daga Sakkwato ya bi ta Goronyo, in ya ci gaba da nausawa arewa maso gabas, zai faɗa ƙasar Gobir. Nan ne Sabon Birni, kusa da gulbin Rima, iyakar Nijar na nan gab da ita. Ba nisa daga nan kufan Alƙalawa yake, birnin Bawa Jangwarzo, wanda mayaƙan jihadi suka ci a 1808. Isa kuwa tana kudu, ta wajen Shinkafi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta gero da dawa da noman fadama, kuma in dare ya yi, da yake wutar lantarki ba ta wadata ba, taurari sai su cika sama fal. Mun ga Kaza da 'Ya'yanta tangaram, da asuba kuma Gamzaki ya fito.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne rediyo: a majalisa, a shagon tela, a rataye a wuyan manomi. Matsalar 'yan bindiga ta sa labari ya zama abin da rai ya dogara da shi. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da waɗannan biyu, wasu suka riƙa neman sabis ɗin Nijar don su ji muryar 'yan'uwa. Yaron da ya taɓa ɗaga waya sama yana farautar sanda ɗaya ta sabis ya riga ya san babbar matsalar masana taurari: yaya za a kama saƙo mai rauni da ya taso daga nesa?

Tsakanin taurari akwai gizagizai na iska da ƙura masu tsananin sanyi, inda ake haihuwar sababbin taurari. Ido ba ya ganin cikinsu. Sai dai ƙwayoyin sinadaran da ke ciki, waɗanda ake kira molekul, suna juyawa, suna fitar da igiyar rediyo, kuma kowane iri da tasa mitar, kamar yadda kowace tasha take da gurbinta a akwatin rediyo. Da haka aka gano ammoniya a sararin samaniya a 1968, ruwa a 1969, sai kabon monoksaid, iskar nan mai guba da janareto ke fitarwa, a 1970. Ita tana magana ne a kan gigahaz 115, wato sama da ninki dubu na mitar tashoshin FM. Yau an san ire-iren molekul fiye da 200 a can.

Wahalar tana wajen risiba, na'urar da ke karɓar saƙon bayan faranti ya tattaro shi. Duk abin da ke da ɗumi, ƙwayoyin lantarkin cikinsa ba sa zama wuri ɗaya, kuma wannan motsi yana haifar da shuuu ɗin da kuke ji in kun murɗa rediyo tsakanin tasha da tasha. Kamar mutum ne yake son jin raɗa a tsakiyar kasuwa ranar da take ci. Tunda ba a iya sa tauraro ya ɗaga murya, sai a sa kasuwar ta yi shiru. Shi ya sa injiniyoyi ke sanyaya risiba matuƙa. A cibiyar ALMA da ke hamadar Atakama ta ƙasar Chile, faranti 66 ne aka girke a tudu mai tsayin mita 5,000, kuma ana sanyaya sassan risibobinsu zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri. An zaɓi wurin ne saboda bushewarsa, don tururin ruwa da ke cikin iska yana shanye waɗannan igiyoyi kafin su iso ƙasa.

Kada ku ɗauka aikin na Turawa ne kaɗai. A Kuntunse, kusa da Accra, Ghana ta mayar da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 ya zama na'urar sauraron sama, aka buɗe shi a 2017, kuma yana iya kama saƙon sinadarin metanol a kan gigahaz 6.7. Afirka ta Kudu tana da MeerKAT mai faranti 64 tun 2018, a yankin Karoo, inda doka ta taƙaita amfani da na'urori masu watsa sigina. A Nijeriya, hukumar NASRDA tana da cibiyar kimiyyar sararin samaniya a Nsukka.

A kan rufin gidajen kallon ƙwallo na Isa da Sabon Birni mun ga ƙannen waɗannan na'urori. Dish ɗin da ke kawo wasan Firimiya faranti ne mai tattara igiya, ɗan kan da ke gabansa kuma risiba ce mai ƙara ƙarfin saƙo ba tare da yawan hayaniya ba. Ku nemi malaminku na fizik ya aro tsohon dish da ƙaramar mitar da masu ɗaura dish ke neman sigina da ita. A juya farantin ya fuskanci sarari inda ba komai, sannan a karkato shi wajen rana na ɗan lokaci, ba tare da kowa ya kalli ranar da ido ba. Allurar mitar za ta ɗaga, domin rana ma tana watsa igiyar rediyo.

Mun san ɗalibai da yawa a wannan yanki sun rasa zangon karatu saboda rashin tsaro, wasu suna gudun hijira tare da iyayensu. Wanda Allah ya sa makarantarsa ke buɗe, ya riƙe lissafi da fizik da kimistire da hannu biyu, don su ne tsanin wannan sana'a, kuma ana koyar da su a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Allah ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, ya mayar da kowane yaro ajinsa.