Jiran Damina a Ƙarƙashin Laka

Idan kaka ta yi nisa, kududdufan fadamar Turba sukan ƙafe, laka ta tsattsage. Nakan tuna da wani ɗan kifi mai jajayen ɗigo da masana suka fara bayyanawa a 1928 daga kogin Kiyawa, wajen Katagum. Damina ɗaya ce rayuwarsa. Kafin ruwa ya janye yakan binne ƙwansa a laka, har masu kiwonsa cikin akwatin gilashi a Turai sai sun bar ƙwan ya sha iska na watanni kafin su jiƙa shi. Gaiwar da manoma ke tonowa da rani ita ma jira take, amma da ranta. Shi kuwa 'ya'yan da ba zai gani ba yake bar wa jiran, kamar tsohon da ke dasa giginya.