Iri Ba Ya Jin Bulala

A watan Maris na 1522 Matin Luta ya baro maɓoyarsa ta Watbog ya koma garin Witinbag a ƙasar Jamus, alhali hukuncin da aka yanke masa a 1521 yana nan a kansa, kowa na iya kama shi. Mabiyansa ne suka fito da shi. A bayan idonsa, abokin aikinsa Kalstad da wasu masu zafin kai sun ga gyaran ikkilisiya na tafiyar hawainiya, aka shiga majami'u ana farfasa siffofi, ana sauya tsarin sujada ko jama'a sun shirya ko ba su shirya ba.

Luta ya hau mumbari kwana takwas a jere. Bai ce duk abin da suke nema kuskure ne ba, da yawa ma ya yarda da shi. Hanyar ce ya ƙi. Ya nuna musu cewa mai wa'azi iyakarsa kunnen mutum, zuciya kuwa Allah kaɗai ke shiga. Har ya yi musu misali da kansa: ya koyar, ya rubuta, sannan ya je ya yi barcinsa ko ya zauna hira da abokai, Maganar kuma ta yi aikin da babu wani sarki da ya taɓa iya yi da rundunarsa. Garin ya lafa.

Wannan labari yana yawan faɗo mini a rai tun da ɗana na fari, mai shekara goma sha tara, ya daina zuwa coci. Bai yi faɗa da kowa ba. Wata Lahadi kawai ya ce, "Baba, ku je, ni ban san ko na gaskata ba." Yayana da ya ji, sai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in riƙe kuɗin makaranta, kafin wata ya ƙare zan gan shi a sahun gaba. Na san gaskiya ya faɗa, zan gan shi. Tilas tana da saurin biya, shi ya sa take da farin jini a wurin iyaye da shugabanni. Sai dai wanda zan gani a bencin yaro ne mai tsoron rasa karatu, ya kuma koyi cewa sunan Yesu abu ne da ake furtawa don a sami kuɗi. Wannan darasin ya fi rashin zuwan tsoratar da ni.

A Markus sura 4 akwai misalin manomin da ya watsa iri, yana kwana yana tashi, irin na tsiro ba tare da ya san yadda aka yi ba. Duk wanda ya taɓa shuka gero ya san ba a jan tsiro da hannu don ya yi tsawo. A Gatsemani ma, da Bitrus ya zare takobi don kare Ubangijinsa, umarnin da ya samu shi ne ya mayar da shi kube.

Riƙe wannan ba sauƙi. Luta kansa, a 1525, ya goyi bayan sarakuna su murƙushe tawayen manoma da takobi, daga baya kuma ya rubuta munanan abubuwa a kan Yahudawa don sun ƙi karɓar saƙonsa. In mutumin da ya yi wa'azin nan na kwana takwas ya kasa jure jira, ina ga uba da mutanen coci ke tambaya kowane mako, "Ina yaronka?"

Mahaifiyarsa tana kuka wani lokaci, yayana kuma har yanzu yana ganin sakaci ne. Da safiyar Lahadi nakan ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsa sau ɗaya, in ce mun tafi, shayi na cikin fulas.