DUTSI: GARIN DA ƘUNSHI KE KWANA A ZUNGURU

Duk wanda ya taso daga Katsina ya nufi Daura, idan ya wuce Mashi zai iso Shargalle. A nan ne hanya ke rabuwa, wadda ta karkata kudu ita ke kai matafiyi garin Dutsi, kafin ta zarce Ingawa. Dutsi hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ɗaya daga cikin 34 da ke Jihar Katsina, tana kuma cikin 12 da suka haɗu suka yi shiyyar Daura. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, inda har yanzu mace ke tashi da sassafe ta kama daka, sautin taɓarya na amsa wa na maƙwabta.

Biki ne ya kai ni garin a tsakiyar hunturu, lokacin hutun makarantarmu ta Islamiyya. Abin da ya tsaya mani a rai kuwa, wanda ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan uwana mata tsarabarsa, shi ne ƙunshin tsofaffin gidan da na sauka. Ƙafar kowace ta yi jawur har ta koma kamar baƙi, ga sheƙi, alhali sun ce an fi kwana goma da yin sa. Mu kuwa da muka zo daga birni da zanen fulawa a hannu, tun kafin a kai amarya namu ya fara koɗewa.

Na tambayi dattijuwar gidan, na ce, “Gwaggo, wai me kuke zubawa a lallenku ne?” Ta yi dariya ta ce, “Ke 'yar nan, ba zubi ba ne, zama ne. Ku kuna son a sa maku yanzu ku wanke yanzu ku fita unguwa. Lalle kuwa baƙo ne, sai ya kwana yake sakin jiki.”

Washegari da hantsi ta zaunar da ni na ga yadda ake yi tun daga farko. Ganyen da ta ɗauko kore ne shar, na bana, kuma a inuwa aka shanya shi. Ta ce ganyen da ya sha rana, ko garin da ya daɗe a kasuwa har ya yi fari-fari, ƙarfinsa ya riga ya tafi, ko me za a zuba masa ba zai kama ba. Aka daka shi lukwi a turmi, aka tankaɗe da rariya, aka sake tankaɗewa da tsohon mayafi mai laushi don kada tsinke ya rage. Sannan ta kwaɓa shi da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, ta matsa lemon tsami, ta zuba sukari kamar ƙaramin cokali, ta juya har ya yi kaurin kunu mai kyau. Ta rufe kwanon ta ajiye a ɗaki, ba a sake taɓa shi ba sai dare.

A nan na tuna abin da muka karanta a kwaleji. A cikin ganyen lalle akwai wani sinadarin rini wanda ke manne wa matattun ƙwayoyin da ke saman fata. Tsamin lemo da ɗumi da 'yan sa'o'in da kwaɓin ya yi a rufe su ne ke fito da rinin daga ganyen, sukari kuma shi ke hana shi saurin bushewa ya zube. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi ko'ina kaurin fata, shi ya sa ƙunshi ya fi kamawa a can fiye da bayan hannu. Gwaggo ba ta san sunan sinadarin ba, amma duk ƙa'idojinsa tana bi.

Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a ɗaki, aka kawo kaskon garwashi saboda sanyi. Kowa ta wanke hannu da ƙafa da sabulu ta tsane su, ba a yarda a shafa mai ba, domin mai yana shiga tsakanin fata da rini. Aka laɓa lallen da kauri, aka naɗe da leda, aka bi da tsumma. 'Yan mata sun yi amfani da salatif wajen fitar da zane, tsofaffi kuwa dungulmi suka yi abinsu. Sai ga Gwaggo ta zaro zunguru daga ƙarƙashin gado, doguwar ƙwaryar nan da ake zura hannu a ciki, wadda yawancin 'ya'yanmu a birni ba su taɓa gani ba. Amfaninsa biyu ne, yana riƙe ɗumi, yana kuma hana lalle ɓata shimfiɗa. Aka yi ta hira da tatsuniya, sannan aka fitar da kaskon waje kafin a rufe ƙofa, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa.

Kafin kiran assalatu aka kwance. Ba wankewa aka fara yi ba, kankarewa aka yi da bayan cokali. Launin ya fito ruwan goro, har amarya ta ɓata rai tana ganin bai kama ba. Gwaggo ta ce mata, “Yi haƙuri 'yata, jibi ki zo ki nuna mani.” Haka kuwa aka yi, domin iska ce ke ƙarasa aikin, launin yana ta duhu har tsawon kwana biyu. Wadda ke son ya ƙara baƙi sai ta maimaita a dare na biyu, wasu har na uku. Bayan nan sai a rage taɓa omo da ruwan wanki, a riƙa shafa ɗan man kaɗe ko man gyaɗa, sai ƙunshin ya kai mako biyu zuwa uku.

Ɗalibaina kan tambaye ni game da alwala. Launin lalle ba ya hana ruwa taɓa fata, don haka alwala da wanka sun inganta a kansa. Kwaɓin da ya bushe shi ne shamaki, dole a kawar da shi duka. Shi ya sa matan Dutsi suka zaɓi tsakanin isha'i da asuba, wasu kuma sukan jira kwanakin da ba su salla. Ba a jinkirta salla saboda ƙunshi, ruwan alwala kuma ba zai hana shi yin duhu ba idan ya kwana.

Uwargida, inda nake son ki natsu shi ne batun baƙin lalle. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi ƙirin cikin rabin sa'a. Abin da ke yin haka dayis ne, mai ɗauke da sinadarin PPD na rinin gashi, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a shafa shi kai tsaye a fata ba. A wajen bikin na ga wata yarinya da zanen sallar bara ya zame mata tabo, bayan ya yi ƙaiƙayi ya ɗuri ruwa. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ƙin yakan zauna mata har abada, ko rinin gashi ta sa daga baya sai ya tashi. Haka kuma kada a yi wa jarirai lalle, ko da ja ne. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, abin da ya yawaita a ƙasarmu, kuma lalle na iya farfasa masu ƙwayoyin jini.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa lalle cikin jerin al'adun da duniya ta gada, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16. Nijeriya ba ta cikinsu, amma duk wanda ya ga kamun amarya a ƙasar Katsina da Daura ya san mu ma muna da namu rabon. Abin da ya rage shi ne mu koya wa 'ya'yanmu tun tsofaffin da suka iya suna raye. Idan salla ko biki ya matso, ki nemi ganye sabo, ki fara da saura kwana uku, ki ba shi dare guda cur. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya a gidajenmu, amin.